Shafukan asali na komik: bangon gida ko gidan tarihi?

Auwalu:
Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so mu baje ta a faifai. Duk mai bibiyar baje kolin komik, wato labaran da ake bayarwa cikin jerin zane, a gidajen tarihi zai lura cewa shafuka da yawa da ake ratayewa, in ka karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashinsu, aro ne daga wajen wani mai tarawa. Wani lokaci ma zauren gaba ɗaya kayan mutum ɗaya ne. Zanen asali nake nufi, wato ainihin takardar da mai zane ya duƙufa a kanta da fensir da tawada kafin a kai ta maɗaba'a. Shin daidai ne gidan da aka gina don jama'a ya buɗe ƙofarsa ga dukiyar mutum ɗaya? Ni alheri nake gani a ciki, amma na san akwai masu ja.

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam. Ina cikin masu ja, Malam Auwalu, kuma ba don ina ƙin masu tarawa ba. Maganar kuɗi ce. Shafin da ya taɓa hawa bangon babban gidan tarihi, aka buga hotonsa a kundin baje koli, farashinsa ba ya komawa inda yake a da. Kamfanonin gwanjo suna rubuta wannan tarihin a bayanin kaya don sun san yana ɗaga ciniki. Ka ga ke nan gidan da ake riƙewa da harajin mutane da gudummawarsu ya koma yi wa hajar wani talla a kyauta.

Kuma kuɗin yanzu ba na wasa ba ne. A Janairun 2022 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da shafi ɗaya tal na Mike Zeck, zanen 1984, inda aka nuna yadda Spider-Man ya samu baƙaƙen kayansa, a kan dala miliyan 3.36. Shekara guda kafin nan, a Faris, wani zane da Hergé ya yi a 1936 don bangon littafin Tintin ya tashi a kusan Yuro miliyan 3.2. Masu zanen zamani sun riga mu shan wannan rigima. A 1999 gidan tarihin Brooklyn ya nuna kayan wani mai tarawa, Charles Saatchi, alhali kamfanin gwanjo na Christie's yana cikin masu ɗaukar nauyi. A 2010 New Museum da ke Niyok ya nuna tarin Dakis Joannou, shi kuwa yana cikin kwamitin amintattun gidan. Duka biyun sun sha suka, kuma a ganina sukar tana kan hanya.

Alhaji Tanimu:
Dakta, na ji ka, sai dai ka faro labarin daga tsakiya. Ka fara tambaya tukuna: yaya aka yi shafukan suka faɗa hannun ɗaiɗaikun mutane? Lokacin da ake zana su babu gidan tarihin da ya ɗauke su a bakin komai. Su kansu kamfanonin komik na Amurka kayan aiki kawai suka ɗauke su. An ɗauki hoton shafi, an haɗa farantin bugu, shi ke nan an gama da shi. Wasu aka jibge a sito, wasu aka raba wa masu kawo ziyara, wasu aka yayyanka aka zubar. Sai a shekarun 1970 kamfanonin DC da Marvel suka fara mayar wa masu zane aikinsu, bayan masu zane irin su Neal Adams sun matsa lamba. Abin da ya tsira daga shekarun 1940 bai taka kara ya karya ba, kuma kusan kowanne akwai wani mutum guda da ya ga darajarsa tun ba a gani, ya ɗauka ya adana.

Su ma gidajen tarihin komik ɗin, su wa suka kafa su? Mort Walker, mai zane kuma mai tarawa, shi ya buɗe nasa a 1974. Na San Faransisko Malcolm Whyte ne ya assasa shi a 1984. Babban rumbun da ke Jami'ar Jihar Ohayo, wanda ake kira Billy Ireland, daga kyautar da mai zane Milton Caniff ya yi ta takardunsa ya samo asali a 1977. Mutanen da suka riƙe abin nan shekara arba'in ana yi musu kallon masu tara tarkace, yau kuma a ce kada su shiga zaure?

Nasiru:
Baba Alhaji, a gafarce ni, a cikin "ya ɗauka ya adana" ɗin nan akwai wanda aka ba shi, akwai kuma wanda ya zare ba da sanin kowa ba. Ni mai zane ne, don haka labarin Jack Kirby ba ya barin zuciyata. An ƙiyasta ya zana wa Marvel shafi fiye da 10,000. A 1984 suka ce za su ba shi 88, da sharaɗin ya sa hannu a wata takarda mai shafi huɗu wadda ba a ɗora wa sauran masu zane irinta ba. Ya ƙi. Sai a 1987, bayan masu karatu da abokan sana'a sun yi ca, ya karɓi kimanin 2,000. Ina sauran? Da yawansu sun ɓulla a kasuwa. Ya rasu a 1994, shafukansa kuwa har yau ana cinikinsu da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

Ko zanen Hergé da Dakta ya ambata bai tsira daga jayayya ba. Iyalan mawallafin suka ce kyauta ya ba ɗan gidansu yana yaro, ya ninke shi shida ya ajiye. Masu kula da gadon Hergé suka musanta, suka ce gidan tarihinsa ya kamata zanen ya koma. Saboda haka ni ba na adawa da aro, amma kafin a rataya shafi a tambayi salsalarsa: daga hannun wa zuwa hannun wa. In gidan tarihi ya rataya ba tambaya, ya wanke shi ke nan.

Alhaji Tanimu:
Wannan gaskiya ce, ɗana, ba na jayayya da ita. Amma kada a yi wa kowa kuɗin goro. Da yawanmu daga hannun mai zanen muke saye, ko daga wakilinsa, kuma wannan ciniki yana rufa wa masu zane asiri ƙwarai, musamman in shekaru sun ja aiki ya ragu. Akwai ma mawallafin da ya yi abin kirki: Bill Gaines na kamfanin EC ya adana kusan duk shafukan da aka zana masa, da ya tashi sayarwa kuma ya ba masu zanen kaso.

Nasiru:
Haka ne Baba. Sai dai cinikin farko kawai suke ci. Faransa tun 1920 take da dokar da ke ba mai zane ko magadansa ɗan kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa a gwanjo, kuma ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya sun bi sahu. Amurka, inda mafi yawan wannan ciniki yake, ba ta da irin wannan doka a matakin tarayya.

Hajiya Rabi:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren takardar ita kanta, don aikina ke nan, kuma duk gardamar nan a kanta take tsaye.

Shafin komik ba a yi shi don ya daɗe ba. An yi shi ne don ya kai ranar bugu. Farin kwali ne mai kauri, galibi inci 11 da 17 tun daga ƙarshen shekarun 1960, na kafin nan sun fi girma. A kansa akwai fensir, wani lokaci shuɗi don kyamarar maɗaba'a ba ta kama shi, sai baƙar tawada, sai farin fenti inda aka gyara kuskure, sai guntayen takarda da aka manna masu ɗauke da maganganu ko sunan littafi. Kowane ɗaya da irin tsufansa. Gam ɗin roba da suka riƙa amfani da shi yana komawa ruwan ƙasa, ya huda takardar da tabo, daga baya ya bushe abin da aka manna ya faɗo. Salatif ya fi shi ɓarna. Farin fenti yana tsagewa. Tawadar gaske tana jure zamani, amma alƙalamin maka da wasu suka koma amfani da shi yana kodewa ya zama ruwan hoda ko shunayya, wani ma ya ɓace.

Babban abokin gaba haske ne, kuma ɓarnarsa taruwa take yi, ba ta gyaruwa. Shi ya sa a gidan tarihi ake rage hasken kayan takarda zuwa wajen luks 50 a ma'aunin haske, wato ɗan haske kaɗan, a nuna su kamar wata uku, sannan a mayar da su duhu su huta shekaru. Danshi ana riƙe shi wajen kashi 50 cikin ɗari, zafi wajen digiri 20 a ma'aunin Salsiyos, kuma abin da ya fi muhimmanci kada su riƙa hawa da sauka. To Dakta, ka duba abin da wannan ke nufi: ko gidan da ya fi kowa tari ba zai iya barin fitattun shafukansa a bango kullum ba. Dole a riƙa canzawa, dole a yi aro. Ba son rai ba ne.

Kuma zan faɗa wa masu tarawa gaskiya: shafin da ke rataye a falo shekara da shekaru yana fuskantar taga, mutuwa yake yi a hankali ko da firam ɗin na zinariya ne. Sau da yawa ranar da aka kawo shafi aro ita ce ranar farko da ƙwararre ya duba lafiyarsa.

Dakta Bashir:
Hajiya, na karɓi wannan. Aro daban, miƙa wa mutum ɗaya zaure da sunansa a ƙofa daban. Na biyun nake tsoro.

Zainab:
Ni damuwata ta bambanta da taku duka. Komik labari ne, karanta shi ake yi. Shafi ɗaya a cikin gilashi, ba na gabansa ba na bayansa, an raba shi da aikin da aka yi shi dominsa. Kuma kasuwar tarawa ita ce ke yin wannan rabon. A Amurka in an mayar da shafukan littafi, bisa al'ada wanda ya zana da fensir ya ɗauki wajen kashi biyu cikin uku, wanda ya bi zanen da tawada ya ɗauki sauran, kowa ya sayar ɗai-ɗai. Labari guda ya watse a gidaje ashirin, ba mai sake haɗa shi. Shafin da jarumi ya cika takarda yana tsalle shi ke tsada, shafin da mutum biyu ke zaune suna hira, wanda wataƙila a nan gwanintar tsara labari take, ba mai waiwayarsa.

Ku dubi bambancin. A 2008 wani da ya ɓoye sunansa ya kai wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka shafuka 24 na mujallar 1962 da Spider-Man ya fara fitowa a ciki, zanen Steve Ditko, cif ba ragi. Da ya sayar da su ɗai-ɗai da ya kwashi dukiya, amma da yau babu wanda zai iya zama ya bi labarin daga farko zuwa ƙarshe a kan ainihin takardar.

Nasiru:
Anti Zainab, kin taɓo inda ya fi mini daɗi. Abin da ke kan takardar asali ba ya fitowa a bugu. Kana ganin inda aka goge hannu aka sake zana shi, inda buroshi ya yi nauyi, inda edita ya sa a canza fuska. A gefen shafukan Kirby na shekarun 1960 akwai rubutunsa da fensir yana bayyana abin da ke faruwa a kowane gida, wato kowane ɗan akwatin hoto da ke shafin, kuma masu bincike da shi suke auna gudummawarsa wajen ƙirƙirar labaran, ba zane kawai ba. Hujja ce ta tarihi. In tana kulle a akwatin wani, ta yaya ɗalibi zai gan ta? A 2010 kamfanin IDW ya fara buga manyan littattafai da hoton shafukan asali a girmansu, har tabo da farin fenti ana gani, kuma da yawa daga cikin shafukan daga wajen masu tarawa aka aro su aka ɗauka. Wannan kam na yaba musu.

Auwalu:
Bari in ƙara wani abu a kan tsoron Dakta. Kamar muna ɗauka in an bar gidan tarihi shi kaɗai zai yi adalci. Tarihi bai nuna haka ba. Zanen Roy Lichtenstein na 1963, na jirgin yaƙi yana harbo wani, daga gida ɗaya na komik ɗin DC na 1962 aka kwaikwayo shi, aikin Irv Novick. Gidan Tate na Landan ya sayi na Lichtenstein a 1966, duniya ta san shi, shi kuwa Novick sai masu bin diddigi. A 1990 gidan tarihin MoMA da ke Niyok ya yi baje kolin da ya sa komik a matsayin abin da manyan masu zane suka ɗebo daga gare shi, har mai zanen komik Art Spiegelman ya mayar musu da martani da zane. Masu tarawa ne suka daɗe suna cewa shafin kansa fasaha ne.

Zainab:
Gaskiya ne Malam, amma ɗanɗanon masu tarawa ma yana da iyaka. Babban baje kolin da aka yi a Los Anjalis a 2005 na gwanayen komik ɗin Amurka, mutum 15 aka zaɓa, babu mace ko ɗaya. In abin da masu kuɗi suka tara shi ne kaɗai abin da ake iya arowa, to abin da ba su so ba ya fita daga tarihi: komik ɗin soyayya, na yara, aikin mata, aikin masu tawada da masu rubuta haruffa.

Dakta Bashir:
To ga abin da zai sa in saki jiki. Jami'an gidan su zaɓi abin da za a nuna, su rubuta bayanin, ba mai kayan ba. A faɗa wa jama'a a fili wa ya biya kuɗin baje kolin. Kada dillali ko kamfanin gwanjo ya sa hannu. In mai kayan yana cikin masu gudanar da gidan, ya fita daga ɗakin da ake yanke shawara. A bincika salsala kamar yadda Nasiru ya ce. A ɗauki hoton kowane shafi da kyau a ajiye wa masu bincike. Sannan mai kayan ya sa hannu cewa ba zai sayar da abin da aka nuna ba sai bayan wasu shekaru.

Alhaji Tanimu:
Duk na yarda ban da na ƙarshe. Dakta, rayuwa ba ta sa hannu a takarda. Ciwo yana zuwa, karayar arziki tana zuwa, mutuwa tana zuwa magada su buƙaci rabo. Mutum ya ba ku aron kayansa ba ko sisi, ya haƙura da ganinsu wata da watanni, ya ɗauki kasadar hanya, sannan ku ɗaure masa hannu? Masu ƙaramin ƙarfi za su janye, a bar ku da attajiran da kuke gudu, don su ne ba sa buƙatar sayarwa.

Kuma masu cewa a bayar kyauta kawai a huta, su sani gidan tarihi ma yana mutuwa. Na Mort Walker ya koma Boca Raton a Fulorida, kuɗi suka yanke, aka rufe a 2002, kayan suka zauna a sito har 2008 da aka kai su rumbun Ohayo. Na Steve Geppi a Baltimore an rufe shi a 2018, an dai yi sa'a ya miƙa abubuwa fiye da 3,000 ga Laburaren Majalisa. Wani kuma ka ba shi kyauta ya sa a akwati, jikokinka ma sai sun cike takarda kafin su gani.

Hajiya Rabi:
Alhaji bai faɗi ƙarya ba, har bala'i ma yana samun gidan tarihi. A Oktoban 2019 guguwar Hagibis ta cika rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan tarihin birnin Kawasaki a Jafan da ruwa, abubuwa fiye da 200,000 suka lalace, ciki har da zanen asali na manga, wato komik ɗin Jafan. Tara komai wuri ɗaya yana da nasa haɗarin.

Amma tsakanin kyauta da aron wata uku akwai hanya ta uku, wato ajiya ta dogon lokaci. Kayan naka ne, gidan yana kula da su, masu bincike suna gani. Haka Bill Watterson ya yi a 2005, ya kai shafukan komik ɗinsa Calvin and Hobbes fiye da 3,000 Ohayo. A Jafan gidan manga na Yokote Masuda da ke Akita yana riƙe da shafuka fiye da 400,000, yawanci daga masu zanen da iyalansu. Hankalin Jafanawa ya ƙara tashi ne bayan an sayar da shafin gwanin manga Osamu Tezuka a Faris a 2018 kan Yuro 269,400, suka ga aikin gwanayensu zai iya ficewa daga ƙasar kaɗan-kaɗan. Wanda ya ajiye kayansa shekara goma a irin wannan wuri, Dakta, ba sai ka sa shi rantsuwa ba.

Dakta Bashir:
Ajiya ta gamsar da ni, Hajiya. A kan gajeren aro kuwa ina nan a kan bakana. A sa wa'adin, a ware larura irin wadda Alhaji ya lissafa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a sauke shafi daga bango yau, wata mai zuwa a gan shi a kundin gwanjo da sunan gidan tarihin a jikinsa.

Alhaji Tanimu:
Wa zai tantance larurar? Nan gizo ke saƙar. Ni dai ba zan kai takardar asibiti gaban kwamiti don in sayar da abin da na saya da guminna ba.

Habibu:
Iyayena ku yi haƙuri in katse ku. Ni sabon shiga ne, shafuka kaɗan gare ni, na masu zanen da ba su yi suna ba. Wani ƙaramin gidan tarihi ya nemi aron biyu. Me zan nema a wajensu? Ɗaya kuma akwai tsohon salatif a kusurwarsa, in ɓare shi kafin in kai?

Hajiya Rabi:
Kada ka taɓa shi, Habibu. In ka ja zai taho da fatar takardar, kuma tabon gam ɗin yana nan. Aikin mai gyaran takarda ne, ka nuna musu su rubuta shi yadda yake.

Ka nemi yarjejeniya a rubuce mai ranar karɓa da ranar mayarwa. A yi rahoton lafiyar kowane shafi da hotuna, gaba da baya, ku sa hannu ku biyu, a maimaita ranar dawowa. Inshora ta rufe tun daga fitarsa hannunka har komowarsa, a kan ƙimar da kuka amince. Ka tambayi ƙarfin hasken zauren da tsawon kwanakin nuni. A sa shi a kwali marar asid, kada gilashi ya taɓa fuskar zanen, kada a manna komai a jikinsa. Ka faɗa musu yadda kake so a rubuta sunanka, ko a ɓoye shi. Sannan ka sani takardar ka mallaka, ba haƙƙin bugawa ba, don haka in za su sa hoton a kundi ko fosta, izinin yana wajen mai zanen ko kamfaninsa.

Nasiru:
Ka kuma sanar da masu zanen, Habibu, in suna raye. Ka ce a rubuta sunan mai fensir da mai tawada duka. Da yawanmu yanzu a kwamfuta muke aiki, babu takardar da za ta rage, don haka waɗanda har yanzu suke zane da hannu ba ƙaramin farin ciki za su yi ba in suka ji aikinsu zai hau bango.

Habibu:
Na gode ƙwarai. Ɗaya yana raye, zan rubuta masa yau. Ɗayan ya rasu, amma zan nemi iyalinsa ta wajen wanda ya sayar mini.